Ƙasar da Ba Ta Kan Taswira: Yadda Ake Zaɓe da Rabon Muƙamai a Wasan Siyasa na Intanet

Masu kallo, barkanmu da warhaka.

A daidai wannan lokaci da nake magana, wani matashi yana can zaune gaban kwamfuta yana haɗa kasafin kuɗin ƙasa. Ƙasar ba ta kan taswira, kuɗin kuma ko allura ba za su saya ba. Amma in kasafin nan bai samu shiga a majalisa ba, gwamnatinsa za ta rushe kafin mako ya ƙare, kuma zafin abin har cikin ransa zai ji shi. Wannan shi ne wasan kwaikwayon siyasa na intanet. Mutane ne suke taruwa a Discord ko Reddit ko wani dandali, su kafa jam'iyyu, su tsaya takara, su yi dokoki, su tsige juna, kamar dai yadda ake yi a zahiri.

Abin ya daɗe. NationStates, wasan da kowa yake kafa ƙasarsa ya mulke ta, wanda Max Barry ɗan Ostareliya ya buɗe a 2002, har gobe ana buga shi. A 2008 ma sai da ainihin Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika wa mai shi takarda cewa ya daina amfani da sunanta da tambarinta a cikin wasan, dole aka sauya wa majalisar wasan suna. A Reddit kuma, tun 2014 akwai masu kwaikwayon majalisar dokokin Birtaniya, da kakakinsu da firaministansu da 'yan adawarsu.

To, mai shirin kafa irin wannan dandali yakan fara da tambayar da ta fi daɗi: shugaban ƙasa za mu yi ko firaminista? Kujeru nawa? Wane launi tutar za ta ɗauka? Ni kuwa ina ganin ya fara daga wutsiya. Tambayar farko ita ce, wane ne mutum?

Kada ku yi mamaki. A zaɓen zahiri, mai ƙuri'a da ƙafarsa yake zuwa, ana ganin fuskarsa. A intanet kuwa cikin minti biyar mutum ɗaya zai zama mutum goma, kowanne da sunansa da hotonsa. Na taɓa zama cikin masu ƙirga ƙuri'a a wani ƙaramin dandali. Ana saura kwana biyu zaɓe sai ga sababbin mambobi suna ta shigowa, muna ta murna gida ya cika. Da muka zauna ƙirga, muka lura dukkansu wata kalma guda suke rubutawa ba daidai ba, kuskure iri ɗaya, kuma ƙuri'unsu sun faɗo a jere, tsakanin kowace da ta gaba bai fi minti biyu ba, daidai lokacin da mutum zai fita daga wannan asusu ya shiga wancan. Ba mu da dokar da ta hana, don ba mu taɓa tunanin rubuta ta ba. Muka soke zaɓen, rabin mutane suka ce mun yi daidai, rabi suka ce mun yi fashi. Har yau abin yana damuna, don waɗanda suka yi fushi suka tafi, masu gaskiya ne.

Shi ya sa dandalin da ya san abin da yake yi, dokarsa ta farko ita ce mutum ɗaya, asusu ɗaya, ƙuri'a ɗaya. NationStates ya bar ka ka mallaki ƙasashe da yawa, amma guda ɗaya tak za ka shigar majalisar duniyar wasan, inda ake jefa ƙuri'a. Wanda aka kama da biyu, korarsa ake yi daga majalisar. Sannan ana gindaya sharaɗin daɗewa: sai asusunka ya kai wasu makonni da buɗewa, sai ka yi rajistar zama ɗan ƙasa, sai an ga ka tofa albarkacin bakinka a muhawara. Kuma ana rufe rajistar masu zaɓe kafin a buɗe yaƙin neman zaɓe, ba bayan an buɗe ba. Dalilin a fili yake. In ƙofa tana buɗe har ranar zaɓe, wanda ya fi yawan abokai a waje shi zai ci, ba wanda ya fi iya shawo kan mutanen ciki ba. 'Yan NationStates sun san wannan sarai, domin a can akwai ƙungiyoyin da sana'arsu ke nan: su afka wa yanki, wato rukunin ƙasashen wasan, da mutanensa suka yi barci, su mara wa nasu baya a lokaci guda, gari na wayewa kujerar wakilin yankin ta koma hannunsu.

Wasu sun gaji da wannan kokawa, suka bi wata hanya dabam. Majalisar kwaikwayon Birtaniya da na ambata ta koma tsarin da ba a jefa ƙuri'a kai tsaye. Masu kula da wasan ne suke auna ƙwazon kowace jam'iyya, muhawarar da ta yi, ƙudurorin da ta kawo, yaƙin neman zaɓen da ta gudanar, sai su fitar da sakamako da lissafi. Aringizon ƙuri'a ya mutu ke nan. Amma ku lura da abin da aka saya da abin da aka sayar: yanzu duk amana ta tattara a hannun masu lissafin.

Ga mu a kan abin da ya sa na yi wannan bidiyo.

A kowane wasan siyasa mulki biyu ne. Akwai na cikin wasa: shugaba, ministoci, 'yan majalisa, alƙalai. Akwai kuma na bayan fage, wato masu kula da dandalin, waɗanda kowa ke kira admin. Shugaban ƙasar wasa ba shi da soja, ba shi da ɗan sanda, ba shi da kurkuku. Duk ƙarfinsa bai wuce mutane sun yarda su kira shi shugaba ba. Amma admin yana da maɓalli. Yana iya goge maganarka, ya rufe maka baki, ya fitar da kai gaba ɗaya, ya ga abin da kai ba ka gani. In mutum ɗaya ya haɗa maɓallin da kujerar, an ba kura ajiyar nama. Ko da bai ci ba, ba wanda zai yarda bai ci ba. Ranar da ya hukunta ɗan adawa kan zagi, ko da hukuncin daidai ne, kowa zai ce siyasa ce. Ranar da ya sanar cewa jam'iyyarsa ta yi nasara, ko da ta yi ɗin, an gama yarda da akwatin.

Don haka dokar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci ita ce, wanda ya riƙe maɓalli ya ajiye katin jam'iyya. Ba ya takara, ba ya yi wa kowa kamfe, ba ya shiga ɗakin sirrin kowace jam'iyya sai don sa ido. Wannan ba sabon abu ba ne. A ainihin majalisar Birtaniya, da zarar an zaɓi kakaki yakan fita daga jam'iyyarsa, kuma ba ya jefa ƙuri'a sai in an yi kunnen doki. Haka ma mai ƙirga ƙuri'a. Kada ya zama mutum ɗaya, a samu aƙalla uku, kuma kowace jam'iyya ta tura wakili ya sa ido. Na san abin da za a ce: mutanen kirki ba su da yawa, wa zai yarda ya bar daɗin wasan ya zama alƙalin wasa? Gaskiya ne, sadaukarwa ce. Shi ya sa ya kamata muƙamin ya zama mai wa'adi, mutum ya yi wata shida ya sauka, ya huta na ɗan lokaci, sannan ya koma fage.

Sirrin ƙuri'a ma a nan yake shigowa. Tun 1856 wasu yankunan Ostareliya suka fara zaɓen sirri da takardar da hukuma ta buga, duniya ta kwaikwaya. A dandalin da kowa ya san kowa, in ƙuri'a a fili take, abota za ka zaɓa ba ra'ayi ba. Amma in ta ɓuya gaba ɗaya, ta yaya za a tabbatar ba a yi maguɗi ba? Dabarar da ake yi ita ce a ba kowane mai zaɓe wata lamba ta sirri, bayan an rufe akwati a wallafa duk ƙuri'un da lambobinsu ba tare da sunaye ba. Kowa ya duba ya ga tasa tana nan yadda ya jefa ta, kowa kuma ya ƙirga da kansa. Wannan na zaɓen gama-gari ne. Ƙuri'ar ɗan majalisa a zaure kuwa dole a gan ta, don wakilci aka tura shi.

Yanzu ku dubi allo, mu yi ɗan lissafi, domin yadda ake ƙirgawa yana iya sauya wanda ya ci.

Mutum 21 suka yi zaɓen shugaba, 'yan takara uku. Na farko ya samu 9, na biyu 7, na uku 5. In dokar ita ce mai rinjaye ya ɗauka, na farko ya ci, alhali mutum 12 ba shi suke so ba. Amma a ce kowa ya jera 'yan takarar bisa yadda yake son su. Sai a cire na ƙarshe, a duba zaɓi na biyu na mutanensa biyar. Huɗu suka ce na biyu, ɗaya ya ce na farko. Sakamako ya koma 11 da 10, na biyu ya ci. Mutanen ba su sauya ba, ra'ayinsu bai sauya ba, dokar ce kawai ta sauya. Da wannan tsari Ostareliya take zaɓen majalisar wakilanta tun 1918, kuma ya dace da ƙaramin dandali, don ba sai an sake tara mutane zagaye na biyu ba.

Kujerun majalisa kuma akan raba su gwargwadon ƙuri'a, galibi da lissafin Victor D'Hondt, wani masanin shari'a ɗan Beljiyam, wanda ƙasarsa ta karɓi tsarinsa a 1899. A ce masu zaɓe 60 ne, kujeru 5. Jam'iyyar farko 30, ta biyu 18, ta uku 12. Sai a raba ƙuri'un kowacce da ɗaya, da biyu, da uku. Ta farko ta ba da 30, 15, 10. Ta biyu 18, 9, 6. Ta uku 12, 6, 4. A ɗauki manya biyar: 30, 18, 15, 12, 10. Ta farko ta samu kujeru uku, sauran ɗaya-ɗaya. Kun ga rabin ƙuri'a ta samu, amma ta tafi da fiye da rabin kujeru. Tsarin yana ɗan karkata wajen babba, kuma gara a san da haka tun kafin a amince da shi.

Akwati kuma a bar shi buɗe aƙalla kwana biyu, don rana ba ta fitowa kowa lokaci ɗaya.

Sai muƙamai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwafo tsarin babbar ƙasa gaba ɗaya. Majalisar wakilan Birtaniya kujeru 650 gare ta, don tana wakiltar miliyoyin mutane. Dandalin mutum arba'in da ya ƙirƙiro majalisu biyu, ministoci ashirin, gwamnoni da kotun ƙoli, zai wayi gari kowa mai muƙami ne, babu talaka ko ɗaya, mutum guda yana minista yana ɗan majalisa yana kuma alƙalin da zai saurari ƙarar da aka kai ministan. Kujera tana da daraja ne in akwai wanda ya nema bai samu ba. A rage kujeru, a hana haɗa alƙalanci da kowane muƙami, a ƙara in mutane sun ƙaru.

Abin da ya fi juyin mulki kashe gwamnatin wasa kuwa shi ne shiru. Jarabawa ta zo, aiki ya yi yawa, waya ta lalace, firaminista ya ɓace ba sallama. Ba laifinsa ba ne, rayuwa ta fi wasa. Amma dole doka ta faɗi ƙarara: kwana nawa mai muƙami zai yi ba a ji ɗuriyarsa ba kafin kujerar ta zama babu kowa, ƙuri'a nawa ɗan majalisa zai tsallake, wa zai riƙe kafin zaɓen cike gurbi. A kuma buɗe ƙofar neman hutu, don wanda ya yi sallama ba ɗaya yake da wanda ya sulale ba. Wa'adi ma gajere ya fi, wata biyu zuwa shida, saboda wata ɗaya a intanet tamkar shekara ce.

Wajen sauke gwamnati, ina ba da shawarar a duba Jamus. Kundin tsarin mulkinta na 1949 ya ce majalisa ba za ta sauke shugaban gwamnati ba sai ta zaɓi magajinsa a ƙuri'a guda. Ta haka Helmut Kohl ya karɓi mulki daga hannun Helmut Schmidt a 1982. A wasa, inda rusa gwamnati ya fi gina ta sauƙi da daɗi, wannan doka tana hana 'yan adawa su riƙa kayar da gwamnati duk mako alhali su kansu ba su daidaita kan wanda zai hau ba.

Saura gyaran dokokin kansu. Dole za a gyara su, don ba wanda yake rubuta kundi ya hango komai. A sa sai da kashi biyu cikin uku. Sannan a kulle dokar zaɓe daga ranar da aka buɗe kamfe har a rantsar da wanda ya ci. Duk gyaran da ya shafi tsawon wa'adi ko ikon wata kujera kuma, kada ya fara aiki a kan wanda ke zaune a kanta. Amurka tana da irin wannan: gyara na 27 a kundinta ya ce in 'yan majalisa sun sauya albashinsu, sauyin ba zai fara aiki ba sai an yi wani zaɓen majalisar wakilai. A 1789 aka gabatar da shi, sai a 1992 ya samu amincewar jihohin da ake buƙata. Ku a dandalinku, layi ɗaya ne za ku rubuta a daren da kuke haɗa kundin, tun ba a san wanda zai fara hawa kujerar ba.