Bindigar da ke kan sif: laccar da aka gabatar a Jos kan lasisin bindiga

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku na zo da su a kan kiran da ake ta yi na a tsaurara dokar lasisin bindiga, in Allah ya yarda ba za mu kai la'asar ba.

Na farko ita dokar kanta. Tun 1959 aka yi ta, kafin 'yancin kai, lokacin kakannin wasunku ko zance ba su fara zuwa ba (dariya). Ta kasa bindigogi gida uku. Irin na soja da fistol sai da izinin shugaban ƙasa, na farauta irin mai baki biyu Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisi, harba-ka-ruga kuwa kwamishinan 'yan sandan jiha. Ta hana a ba mai taɓin hankali, da mai matsalar ido, da wanda bai kai shekara 17 ba. Sha bakwai fa jama'a, yaron da ko ƙuri'a bai isa ya jefa ba!

Amma abin da ya fi tsaya min a rai, wallahi shi ya kawo ni nan, shi ne bindigar gado. An taɓa kira na shaidar rabon gado a unguwarmu, ana fito da kayan marigayi sai ga mai baki biyu a kan sif an naɗe ta da tsohon zani, harsasai a gwangwanin madara, takardar lasisin ta yi ja don tsufa ba a sabunta ta ba tun da daɗewa. Kun san me 'ya'yan suka tambayi malam? Nawa za a yi mata kuɗi a sa a lissafi. Ba wanda ya ce a kai ta caji ofis, ko mutum ɗaya. A ɗakin nan fa jikoki ke wasan ɓuya. Lasisi na mutum ɗaya ne, da sunansa, ba gona ba ce da za a gada. Na sake faɗa, ba gona ba ce. Mai ita ya rasu, hukuma ba ta sani ba, ba wanda ya biyo sawu, sai ta faɗa hannun ɗan autan da ya fi kowa zafin kai. Mu da muka ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 a garin nan, mun san abin da tsoro ya sa mutane suka saya suka ɓoye. In za a gyara doka a fara daga nan, a san wa ke da ita, ina yake ajiye ta, in ya mutu ina ta nufa.

Na uku... au, na biyu ko? To a haɗe su, lokaci ya tafi. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da ba da sabon lasisi. Sannan rahoton Odita Janar ya ce makamai 178,459 sun yi ɓatan dabo daga hannun 'yan sanda, 88,078 a ciki AK-47 ne. Ya kamata gwamnati ma ta toshe ɓarakar rumbunta.

Tambaya: Malam, ni daga Mangu nake. In muka miƙa namu, wa zai tsare mu in an shigo da dare?

Baba, Allah ya jiƙan waɗanda kuka rasa, ba zan yi maka ƙarya ba, mai shigowa da dare ba ya neman lasisi. A Zamfara a 2022 gwamna Matawalle da kansa ya ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu, don haka ba kai kaɗai ke wannan tunanin ba. Ni abin da nake roƙo, ta 'yan banga ta kasance da rajista, mai gari da DPO sun san lambarta da mai riƙonta, in gari ya waye a kulle ta. Ka jira ni bayan sallah, baba, ina so in ji yadda kuke yi a ƙauyenku.