Lacca: Yadda Ake Gano Ƙarfin Asid Ta Hanyar Taitireshin

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai na makarantun Zariya da kewaye, barkanku da zuwa.

An miƙo maka kwalbar asid na HCl (haidirokulorik asid), ba a rubuta ƙarfinsa ba. Hanyar gano shi ita ce ka haɗa shi da sinadarin da ka tabbatar da ƙarfinsa, ka auna yawan asid ɗin da ya cinye shi daidai; wannan shi ne taitireshin. Saboda haka duk ingancin aikin yana rataye ne a kan wannan sinadarin da ka ce ka sani.

Shi ya sa ba a fara aiki da sodiyam haidiroksaid kai tsaye. Ƙwayoyinsa suna zuƙar danshi da iskar kabon dayoksaid, musamman da damina, har su yi laushi a kan sikeli kana kallo. Nauyin da ka rubuta ba nasa ba ne shi kaɗai. Sodiyam kabonet busasshe, wanda aka gasa a tanda ya huce a rufe, shi ne abin dogaro. Nauyin mol ɗaya nasa (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) giram 106 ne. Auna giram 1.325, ka narkar da shi, ka cika kwalbar awo mai cm³ 250 zuwa layinta. Ka samu mol 0.050 a kowace lita. Kuma da tataccen ruwa na dakin gwaji za ka narkar, ban da na rijiya ko burtsatse, domin gishirin da ke cikinsu na iya cin wani ɓangare na asid ɗin.

Yanzu kurkura. Buret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni da famfo a ƙasa wanda ake sakin asid daga cikinsa, a kurkure shi da asid ɗin da za a zuba masa. In ruwa ya rage a ciki, asid ya tsinke, za ka zuba fiye da kima, lissafi ya nuna maka ƙarfi ƙasa da na gaskiya. Fifet, wato siririn bututun gilashin da ake ɗibar ruwa daidai awo da shi, a kurkure shi da ruwan kabonet. Amma kwalbar da ake haɗin a ciki, tataccen ruwa kawai. In ka kurkure ta da kabonet, ka ƙara mol ɗin da ba ka ƙirga ba. Cire mazurari daga bakin buret, ka buɗe famfonsa kaɗan don kumfar iska ta fita daga tsininsa, domin in ta fita ana tsakiyar aiki za a ƙirga gurbinta a matsayin asid.

Ɗebi cm³ 25 na kabonet da fifet, da robar zuƙa, kada a sa baki. Ɗigon da ya maƙale a tsinin fifet a bar shi, an riga an yi lissafinsa wajen ƙera shi. Sa ɗigo 2 ko 3 na metil oranj, sinadarin da sauyin launinsa ke nuna haɗin ya cika, ruwan zai zama rawaya. Ɗora kwalbar a kan farar takarda. Hannu ɗaya a famfo, ɗaya yana kaɗa kwalba. Zubin farko na lalube ne. A na gaba, in ka kusa wurin da launi ya juya a zubin farko, koma ɗigo-ɗigo har rawaya ta juya ruwan lemo. In ta yi ja, ka wuce. Karanta ƙasan lanƙwasar ruwan, idonka daidai da ita, ka maimaita har sakamako biyu su kusanci juna da cm³ 0.10.

Wani ya tambaya ko fenolftalin, wani sinadarin mai sauya launi, zai yi a madadin metil oranj. A nan ba zai yi ba: launinsa yana ɓacewa a rabin hanya, lokacin da kabonet ya zama baikabonet, sai amsarka ta ninka.

A ce matsakaicin zubi cm³ 24.00 ne. Kabonet ɗin da ke kwalba mol 0.00125 ne, wato 0.050 sau 25 raba 1000. Kowane mol ɗaya nasa yana cin mol 2 na HCl, ke nan mol 0.0025. Raba da lita 0.024 (wato cm³ 24.00), ka samu kusan mol 0.104 a lita. Da asid ɗin H₂SO₄ ne, ɗaya bisa ɗaya ake haɗuwa, amsar ta zama 0.052. Don haka a rubuta daidaitaccen lissafin haɗuwar sinadaran kafin a taɓa kalkuleta.