Ɓata Sunan Shugabanni da Iyakar 'Yancin Jarida

Masu sauraro, a watan Disambar 2018 sai da ta kai marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya tsaya gaban 'yan Najeriya mazauna ƙasar Foland yana tabbatar musu cewa shi ɗin ne da kansa, domin an daɗe ana yaɗa ji-ta-ji-tar cewa ya rasu, an kawo wani Jubril daga Sudan an ɗora a kan kujerarsa. Wasu shafukan intanet masu kiran kansu kafafen labarai sun taya yayata wannan ƙarya. Wannan ƙazafi ne tsagwaronsa, kuma sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya tabbatar da 'yancin faɗin albarkacin baki, bai ba kowa lasisin cin mutuncin wani ba.

Abin tambaya shi ne wa za a bar wa shata iyakar, kuma a nan tarihinmu yana da abin cewa. A 1984 gwamnatin soja ta Buharin ce ta kafa Doka ta 4, wadda ba ta tsaya ga labarin ƙarya kaɗai ba, har ta haɗa da duk rahoton da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta raini. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda, saboda labarin da suka buga kan naɗin jakadu. Idan aka bar mai mulki ya zama shi ne mai ƙara kuma shi ne alƙali, bincike kan almundahana shi zai fara shiga kurkuku kafin ƙazafi.

Ghana ta soke dokar da ta mayar da ɓata suna laifin ɗauri tun 2001. Mu kuwa har yanzu ana kama 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, duk da kwaskwarimar da aka yi masa a 2024.

Gwamna ko ministan da aka yi wa sharri yana da lauyoyi, yana da kakaki, ƙofar kotu kuma a buɗe take ya nemi diyya, don haka ba shi da hujjar tura 'yan sanda gidan ɗan jarida da asuba. Jaridar da ta buga ƙarya a shafin farko kuwa, a shafin farkon ya kamata ta janye maganar ta nemi afuwa, maimakon ta cusa gyaran can a lungun talla.