Jawabin Kwamitin Addu'a a Taron Zumuntarmu na Ingila: A Gina Garu Tun Ana Zaune Lafiya

Shugaban taro, Baba Rabaran, dattawanmu, iyayenmu mata na Zumunta, matasa da yara, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Waɗanda suka sauka daga aikin dare suka wuto nan kai tsaye, sannunku da ƙoƙari.

Za mu ɗauki magana daga 2 Tarihi sura 14. Da Asa ya hau gadon sarautar Yahuza, ƙasar ta sami hutu shekara 10. A aya ta 7 ya tara jama'a ya ce su gina birane, su kewaye su da garu da hasumiya da ƙofofi da kurfan ƙarfe tun ƙasar tana hannunsu. Ba a ga maƙiyi ba tukuna. Daga baya Zera mutumin Kush ya taso da runduna mai ɗimbin yawa da karusai 300 har Maresha, addu'ar da Asa ya yi a ranar kuwa aya guda ce tak, aya ta 11. Mutumin da ya saba da Allah ba ya bukatar dogon gabatarwa ran da wuta ta kama.

Da yawa a cikinmu nan muna cikin irin shekarun nan na Asa. Takardun zama sun fito, aiki ya samu, yara na makaranta, ba wanda yake kwana da kunne ɗaya a buɗe yana sauraron ƙarar bindiga. 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, sun san ɗaya gefen: a watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta mamaye Mubi da hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi, jama'a suka watse a ƙafa, wasu har Kamaru. Mai gudu ba ya tsayawa neman littafi. Ayar da ke kansa da waƙar da ya haddace su ne guzurinsa. Mu kuma haɗarinmu shi ne wanda Maimaitawar Shari'a 8 ta faɗa: a ci a ƙoshi, a gina gidaje masu kyau, sai a manta. Shi kansa Asa, a shekara ta 39 ta mulkinsa da ciwon ƙafa ya kama shi, sura 16 ta ce bai nemi Ubangiji ba.

Mu fara da karatu. Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne, 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabo. Wanda ya karanta sura 3 kowace rana, 5 ran Lahadi, zai sauke cikin shekara. Amma ga inda ake faɗuwa. Farawa da Fitowa sura 90 ne, wato kusan wata guda, saboda haka wanda ya fara ran 1 ga Janairu yana isa Littafin Firistoci daidai lokacin da zafin alkawarin sabuwar shekara ya huce, ga duhu ga sanyi. Ya tsallake kwana uku, bashi ya zama sura 9, ya ji nauyi, ya rufe sai baɗi. Maganinsa biyu. Kada a biya bashin karatu, a ci gaba daga inda aka tsaya ko da tsarin ya zarce shekara. Sannan a haɗa sura 2 na Tsohon Alkawari da 1 na Sabo, domin dokokin hadaya sun fi fahimtuwa idan wasiƙar Ibraniyawa na gefe. Mai aikin awa 12 kuwa, shawararmu ya ɗauki Sabon Alkawari kaɗai: sura ɗaya a rana, kwana 5 a mako, mako 52, ya ba da 260 cif. A yi da littafin takarda in zai yiwu. Waya tana da Littafi Mai Tsarki, amma a cikinta WhatsApp yake zaune.

Addu'a ita ce ta fi shan wahala a ƙasar nan. A gida ƙararrawar addu'ar asuba ce take tashin mutum, maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa, a tafi tare. A nan ba ƙararrawa, kuma a watan Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe 8, kafin 4 ta faɗi. Jadawalin aiki ma yana juyawa, makon nan safe, mako mai zuwa dare. Duk wanda ya ɗaure addu'arsa ga ƙarfe 5 na asuba zai rasa ta a makon farko da aka sauya masa aiki. A ɗaure ta ga abin da ba ya canjawa: da zarar an farka, ko ƙarfe nawa ne, kafin a taɓa waya. A fara da minti 10, ba awa guda ba. Minti 2 na godiya, a karanta Zabura ɗaya da murya, a furta zunubi da sunansa, sauran lokacin a yi roƙo domin mutum 3 da aka rubuta sunayensu a ƙaramin littafi tare da kwanan wata. Bayan wata guda ana iya ƙarawa. Daniyel 6:10 ta ce da aka sa hannu a dokar hana addu'a, ya durƙusa sau uku a rana kamar yadda ya saba. Ba a ranar ya koya ba.

Masu shiga addu'ar gida ta waya, ku lura da agogo. Daga Lahadin ƙarshe na Maris zuwa Lahadin ƙarshe na Oktoba lokacinmu ɗaya da Najeriya da Nijar. Bayan nan muna baya da awa guda, ƙarfe 5 na can ya zama 4 na nan. Shiga addu'ar yana da kyau, amma ba ya maye gurbin ikilisiyar unguwarku. Faston da ke Jos ko Maraɗi ba zai zo asibiti ya zauna kusa da gadonku ba.

Haddar ayoyi ita ce garun da muka fi sakaci da shi. Aya ɗaya a mako ta isa. A rubuta a kati, a faɗa sau 10 da murya, a maimaita washegari, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Rashin bitar nan ne yake sa hadda ta zube. A tsaya kan fassara ɗaya, domin wanda ya girma da ta 1932 ya koma haddacewa da sabuwa, harshensa zai riƙa haɗa su. Zabura 23 aya 6 ce, Zabura 121 aya 8, Zabura 46 aya 11, Romawa 8:31-39 aya 9. Jimla 34, ba su cika shekara ba ma. Iyaye, ku yi da yara a bakin abinci, da Hausa da Turanci, ku ƙara baiti ɗaya na waƙar sujada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Azumi kuma a yi shi da hankali. Mun saba da shida zuwa shida, to a bi agogo, kada a bi rana, don a watan Yuni ba ta faɗuwa sai bayan 9 na dare. Wanda bai saba ba ya fara da barin abinci ɗaya sau ɗaya a mako, ya ba da lokacin cin ga addu'a, in ba haka ba yunwa ce kawai ya sha. Mai ciwon suga, mai juna biyu, mai shayarwa da mai shan magani su tambayi likita tukuna. Mai tuƙi ko mai ɗaga marasa lafiya ya zaɓi ranar hutunsa. Ishaya 58 ta haɗa azumi da ciyar da mayunwaci, saboda haka kuɗin abincin da aka bari a ware shi.

Haka ma bayarwa. 1 Korantiyawa 16:2 ta ce a ware tun ranar farko ta mako, gwargwadon samu. A nan haya da kuɗin wuta da na gas suna fita da kansu daga banki, saƙonnin gida kuma ba sa ƙarewa, wanda ya jira ragowa ba zai ga ragowa ba. A sa banki ya riƙa cirewa ran da albashi ya shiga, ko fam 20 ne.

Duk waɗannan, mutum shi kaɗai ba ya daɗewa a kansu. Kwamiti ya ajiye takarda a bakin ƙofa. Kowa ya zaɓi abu ɗaya, ba biyar ba, ya rubuta sunan wanda za su riƙa kiran juna, maza da maza, mata da mata, minti 15 a mako. Tambaya uku ce: me ka karanta, wace aya ka riƙe, me zan roƙa maka. Masu aikin dare su sa alama kusa da sunansu domin a haɗa su da 'yan'uwansu na dare. Shugaba, mun gode.