Yadda Ake Sabunta BIOS Kafin A Ɗora Furosesa Ryzen 5000 A Kan Bod Ɗin B450

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ga abin da ke kan teburina yau: bod ɗin MSI B450 Tomahawk MAX, da tsohon furosesa Ryzen 5 2600 a kansa, sai kuma sabon Ryzen 5 5600 da ke cikin kwalinsa. Kun ga ban buɗe kwalin ba tukuna, kuma da gangan na bar shi. Kada ka cire tsohon furosesanka sai ka gama sabunta BIOS. Wannan shi ne ginshiƙin darasin nan.

Ga dalili. Kamfanin AMD ya fitar da chipset ɗin B450, wato guntun da ke haɗa sassan bod, a 2018, su kuma Ryzen 5000, dangin da 5600 yake ciki, sai a watan Nuwamba na 2020 suka fara shigowa kasuwa. Mazauninsu ɗaya ne, AM4, don haka sabon zai zauna daram. Amma 'yar manhajar da ke cikin bod, wadda ke tayar da na'ura kafin Windows ta zo, wato BIOS, ba ta san shi ba. Kamar maigadi ne da aka ba shi sunayen masu shiga gida, sai ga baƙo ya zo sunansa babu a takarda. Za ka kunna, fanka na juyawa, fitilu na ci, sikirin kuwa baƙi ƙirin. Da yawa a nan suke zaton an sayar musu da mataccen furosesa, alhali lafiyarsa lau.

Akwai wani ɓangare a cikin BIOS da ake kira AGESA. AMD ce ke rubuta shi, ta miƙa wa su MSI da ASUS da Gigabyte da ASRock, kowa ya saka a nasa. Shi ne ke gane furosesa. A 2020 AMD ta fara cewa B450 da ɗan uwansa X470 ba za su ɗauki Ryzen 5000 ba, saboda guntun da ke ajiye BIOS a bod da yawa megabayit 16 ne kawai. Masu saye suka yi ta ƙorafi har kamfanin ya janye maganar, kuma ina ganin sun yi daidai, domin da ma an yi musu alkawarin AM4 zai daɗe. Sai dai ƙarancin wurin gaskiya ne, shi ya sa wasu bod ɗin suka zubar da tsofaffin furosesa na A-series don sabo ya samu gurbi. Irin wannan na gabana mai MAX a sunansa megabayit 32 gare shi.

To, mu fara aiki. Na kunna da tsohon furosesa. Danna madannin Windows da R, ka rubuta msinfo32. Duba layin BaseBoard Product, nan sunan bod yake, sannan layin BIOS Version. Rubuta su a takarda. In ka sayi bod na hannu a kasuwa babu kwali, karanta sunan da aka buga a jikinsa da idonka. Tomahawk daban, Tomahawk MAX daban. Masu Gigabyte kuma ku duba kusurwar ƙasa ta hagu, akwai lambar rev a wurin, wato wadda ke nuna zubin bod ɗin, ita ma tana da muhimmanci.

Shiga shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗin, shi kaɗai. Kada ka karɓi fayil ɗin BIOS daga WhatsApp ko wani shafi da ba ka sani ba. Nemi jerin furosesan da bod ɗin ke ɗauka, za ka ga 5600 da lambar BIOS mafi ƙaranci da yake buƙata. Ni shawarata ka ɗauki wanda ya kai AGESA 1.2.0.7 ko sama, don shi ne na 2022 da ya gyara 'yar sarƙewar sauti da hoto da fTPM, wato ɓangaren tsaro da ke cikin furosesa, ke jawowa. Karanta bayanin da ke gefen fayil ɗin da kyau. Wasu bod ɗin, musamman na Gigabyte da ASRock, sukan ce sai ka fara sa wani na tsakiya kafin ka haura zuwa na ƙarshe. In an ce haka, bi a hankali.

Ɗauko ƙaramin filash, ka yi masa fomat zuwa FAT32. Warware abin da ka sauke, ka kwafe fayil ɗin kai tsaye a filash, ba cikin wata folda ba. Nawa kun ga sunansa ya fara da E7C02. Kafin ka kashe Windows, duba ko BitLocker, wato makullin Windows da ke kulle fayiloli, na aiki. In yana yi, dakatar da shi, ka kuma adana lambobin nan 48 na buɗewa a wayarka ko a takarda. Rashin yin haka na iya kulle ka daga fayilolinka.

Yanzu maganar wuta, kuma ina roƙonku ku saurare ni. Minti kaɗan aikin ke ɗauka, amma a cikinsu ana goge tsohuwar manhaja ana rubuta sabuwa. In aka ɗauke wuta a tsakiya, bod ɗin zai iya ƙin tashi gaba ɗaya. Mu da muka san halin wutar NEPA, bai kamata mu yi ganganci ba. Jona na'urar a UPS mai cikakken caji ko inbata. In janareta ne, leƙa tankin mai tukuna, kuma ka gaya wa mutanen gida kada kowa ya taɓa canjin layi.

Na sake kunnawa, ina danna Delete. Ga BIOS. A ƙasa ta hagu akwai M-Flash, wato abin da MSI ke sabunta BIOS da shi. ASUS na kiran nasu EZ Flash, Gigabyte Q-Flash, ASRock Instant Flash. Na zaɓa, na'ura ta sake tashi, ga filash ɗina, ga fayil ɗin. Na amince. Kun ga layin nan yana tafiya. Sauke hannunka daga komai. Zai iya tsayawa wuri ɗaya kamar ya maƙale, zai iya kashe kansa ya kunna sau biyu ko uku. Bar shi.

Ya gama. Na koma BIOS, lambar ta canza. Yanzu ne za mu taɓa furosesa. Bar na'urar ta ɗan yi aiki ta yi ɗumi, sannan ka kashe ka zare wayar wuta. Kwance fanka, ka ɗan murza ta hagu da dama kafin ka ɗaga. Man da ke tsakaninsu yakan bushe ya manne, in ka fizga sai furosesa ya biyo fankar, ƙafafunsa su lanƙwashe. Ɗaga ƙaramar sandar ƙarfen da ke gefen mazaunin, cire tsohon, daidaita alamar kusurwa uku ta zinare da wadda ke kan mazaunin. Da kansa zai faɗa, kada ka danna. Goge tsohon mai, ɗiga sabo kaɗan a tsakiya, mayar da fanka.

Wanda kuma ba shi da tsohon furosesa fa? Duba gefen bayan bod ɗin, inda ramukan USB suke. Wannan yana da ɗan madanni mai suna Flash BIOS. Canza sunan fayil ɗin zuwa MSI.ROM, jona wayar wuta mai fil 24 da mai fil 8, sa filash a ramin USB da aka ware masa, ka danna. Fitila za ta yi ta ƙiftawa, sai ta daina kafin ka taɓa komai. Gigabyte na da Q-Flash Plus, ASUS na da USB BIOS FlashBack, kowa da sunan da yake so a ba fayil. In bod ɗinka ba shi da madannin, kai shi wurin mai gyara ya ɗora masa aron furosesa.

Tashin farko yakan ɗan jima, kada hankalinka ya tashi. In saƙo ya fito yana tambayar ko a sake saita fTPM, danna Y, matuƙar lambobin BitLocker na hannunka. Shiga BIOS ka sake kunna A-XMP, wato saitin gudun ram, domin sabuntawa ta mayar da ram ɗinka kan gudunsa na ƙasa. Sannan ka sauke direban chipset daga shafin AMD. Masu tasowa daga furosesa 2200G ko 3200G, waɗanda ke fitar da hoto da kansu, ku sani 5600 ba ya fitar da hoto da kansa, dole sai da katin hoto, kuma wayar sikirin a jikin katin za ta shiga. In ba ka da kati, 5600G za ka nema. Sai mun haɗu a darasi na gaba, a huta lafiya.