Amsoshin Tambayoyinku: Makaɗin fiyano da ya zama malamin jami'a

Jama'a masu sauraro, wasiƙarmu ta gaba daga unguwar Birni ta fito, nan cikin Damagaram. Wata baiwar Allah ce ta ce ta ga wani Bature a talabijin yana kaɗa fiyano, aka kira shi farfesa. Tana tambaya: wai kiɗa ma har karatunsa ake yi, kuma me ya haɗa makaɗi da malanta?

To Hajiya, mun gode. Fiyano dai wani mutumin Italiya ne, Bartolomeo Cristofori, ya ƙera shi wajen shekarar 1700. Na yau yana da maɓalli 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kowanne in an danna sai ƴar guduma ta bugi tsirkiya a ciki. Kiɗan kuma rubutacce ne, ana karanta shi a takarda, ana haddace shi. Shi ya sa yaro kan fara tun yana shekara biyar ko shida, ya yi ta bita kullum har ya shiga makarantar kiɗa, irin ta birnin Paris da aka kafa a 1795.

Bari in kawo miki misalin da nake so ƙwarai, Clara Schumann ta Jamus. An haife ta a 1819, mahaifinta ne malaminta, tana shekara tara ta hau dandali a Leipzig. Mijinta ya rasu a 1856, da wasan fiyano ta riƙe gida da ƴaƴa. A 1878 aka ɗauke ta malama a makarantar kiɗa ta Frankfurt, ta koyar har 1892, kuma tana koyarwar tana fita wasa har 1891.

Dalilin haɗa biyun, Hajiya, takarda ba ta nuna nauyin yatsa. Yadda ake sassauta hannu, inda ake jan sauti, sai ɗalibi ya zauna kusa da wanda ya iya. Ki duba masu algaita da kakaki a fadar Sarkin Damagaram, ai a gaban manya suka ɗauka. Marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Tasker, malamin makaranta ne shi ma, amma da zai koyi biram, wani abin kiɗan gargajiya mai tsirkiya, sai da ya je gaɓar tafkin Cadi ya zauna gaban tsoho Bukar Tar.

Da fatan mun gamsar da ke. Wasiƙa ta gaba daga Mirriya take.