Ƙofar Olembe: ya kamata a ba ƙasar da ba ta shirya ba babbar gasa?

Ranar Litinin 24 ga Janairun 2022, birnin Yawunde ya cika ya batse. Kamaru mai masaukin baƙi za ta kara da Komoros a zagayen 'yan 16 na gasar cin kofin Afirka. Filin Olembe sabo ne fil, yana cin mutum 60,000. A ƙofar kudu kuwa jama'a sun yi cincirindo, ƙofa a rufe, na baya na danno na gaba. Kafin a ankara mutum 8 sun riga mu gidan gaskiya, 38 sun jikkata. A ciki ana ta taka leda, Kamaru ta ci 2 da 1.

Washegari shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, wato Patrice Motsepe, ya ɗora laifin a kan ƙofar da ya kamata a buɗe amma aka bar ta a kulle. Ku riƙe wannan ƙofa a rai, za mu dawo kanta.

To yaya aka zo nan? A 2014 aka ba Kamaru gasar 2019. A lokacin ƙasashe 16 ke bugawa, a kan haka ta yi lissafinta. Sai a 2017 CAF ta mayar da su 24. Kamar ka gayyaci baƙi ne ka auna shinkafa, tukunya na kan wuta a ce maka an ƙaro mota guda. Filaye 4 sun koma 6, ga masauki, ga filayen atisaye, ga hanyoyi. A ƙarshen Nuwamban 2018 CAF ta ce aiki bai kai ba, ta karɓe gasar, daga baya ta miƙa wa Masar. Aka ce Kamaru ta jira 2021, korona kuma ta tura ta 2022.

Ba Kamaru kaɗai aka yi wa haka ba. Kenya ta rasa gasar 1996, Gini ta rasa ta 2025 wadda ta koma Maroko. Masu cewa kada a ba ƙasa mai rauni, hujjarsu ke nan: ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma ku je Garwa, a arewacin Kamaru, ku faɗi haka. Can Super Eagles ta Najeriya ta yi zango, ta doke Masar da Sudan da Gini Bisau a filin Roumde Adjia, kafin Tunisiya ta fitar da ita. Tsohon fili ne da aka yi wa kwaskwarima saboda gasar, ciyawarsa luf-luf, 'yan kallo daga Yola da kewaye suka tsallako, Hausa da Fulatanci na tashi a kan benci. Ba don gasar ba, yaushe gwamnatin Yawunde za ta tuna da wannan fili na arewa? In aka ce sai mai komai a hannu, gasar za ta yi ta zagaye ne tsakanin Maroko da Masar da Afirka ta Kudu.

Abin mamakin shi ne, sababbin filayen ne suka ba da kunya. Na Japoma da ke Duwala, mai cin 50,000, ciyawarsa ta lalace ana tsakiyar gasa, har aka ɗauke wasu wasannin daga can. Olembe kuma kun ji. Ashe siminti da ƙarfe ba su ne matsalar ba, su kuɗi da ɗan kwangila na kawo su. Abin da kuɗi ba ya kawowa cikin wata shida shi ne mai gadin ƙofar da ya saba da taro, da mai ban ruwan da ya san ciyawarsa, da motar asibitin da ta san ta inda za ta fita. Waɗannan sai da gasar cikin gida mai rai, wadda ake cika fili duk mako, ake samunsu.

A ganina, a ba ƙasa daidai ƙarfinta, in bai kai ba a haɗa ta da maƙwabciya. An taɓa yi: a 2000, da aka karɓe gasar daga Zimbabuwe, Gana da Najeriya suka raba, aka buga a Akara da Kumasi da Legas da Kano. Gasar 2027 ma Kenya da Yuganda da Tanzaniya aka ba.

Sai dai akwai abin da haɗin gwiwa ba ya magancewa, wato bayan baƙi sun watse. Filin Abuja da aka gina don wasannin Afirka na 2003 ya lalace har sai da Aliko Dangote ya ɗauki nauyin gyaran ciyawarsa. Nijar ta karɓi gasar matasa 'yan ƙasa da shekara 20 ta Afirka a 2019, a Yamai da Maraɗi. A Nuwamban 2023, da za ta karɓi Tanzaniya da Zambiya a wasannin neman gurbin kofin duniya, ba ta da filin da CAF ta amince da shi. A Marrakesh ta Maroko ta buga wasanninta na gida.